Yadda muka yi da ɗalibina makaho daga lakca har ɗakin jarabawa

Shekarata tara ina koyar da tattalin arziki a jami'a, kuma kwas ɗin farko na 'yan lebul wan, wato 'yan shekarar farko, kusan kullum ni ake ba wa, amma a duk shekarun nan ban taɓa tsayawa na saurari abin da ke fita daga bakina ba sai ranar da wani yaro ya tare ni a bakin tiyata, wato babban ɗakin karatu, bayan lakca. Sati na uku ne da fara zango, ajin ya haura mutum ɗari huɗu, ga zafi ga fanka biyu ce kawai ke juyawa, na zana layin dimand, wato buƙatar masu saye, da na saflai, wato kayan da masu sayarwa ke kawowa, a allo na yi bayani har muryata ta dushe, na fito ina ganin yau kam na yi aiki. Sai ga shi da farar sanda a hannu, abokinsa na gefe riƙe da jakarsa. Ya gaishe ni cikin ladabi sannan yace, "Malam don Allah tambaya gare ni. Na ƙirga, yau sau talatin da ɗaya ka ce nan. Wannan ya taso daga nan ya sauka nan, in farashi ya hau nan sai wancan ya koma can. Ni nan ɗin ne ban san ko ina ba ne."

Ya ciro waya ya kunna min abin da ya ɗauka, na tsaya a wajen ina jin muryata, wallahi ni da na yi lakcar da na rufe ido na kasa bin zaren maganar. Jikina ya yi sanyi ƙwarai. Nace masa gobe ƙarfe goma ya same ni a ofis.

Da ya zo muka zauna ya ban labarinsa. Ƙyanda ce ta tafi da idonsa yana ɗan shekara shida, dangi suka fara maganar a haɗa shi da ɗan jagora kamar yadda aka saba yi wa makaho a ƙasar nan, mahaifinsa ya ƙi, ya ɗauke shi ya kai shi makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki a Kano, can ya koyi birel, rubutun nan na makafi mai ɗigo shida da ake karantawa da yatsa. JAMB ma bai sha wahala ba, don tun 2017 hukumar ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede ta kafa kwamiti na musamman da Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta, su ke tara makafi a wasu cibiyoyi har da ta Kano, a karanta musu tambayoyi su amsa da birel ko da laftof. To ka ga ƙofar shigowa an gyara masa ita, ya shigo da makinsa ba alfarma, sai da ya shigo ya tarar cikin gidan ba wanda ya san da zuwansa. Ni kaina ba takardar da ta zo min daga ko'ina cewa akwai makaho a ajina. Na tambaye shi wane suna ya fi so, mai lalurar gani ko me, ya yi murmushi yace Malam ka ce makaho kawai ai ba zagi ba ne, handawut ɗinka nake so.

Daga handawut ɗin, wato takardun darasin da nake ba ɗalibai, muka fara kuma nan na fara gane girman aikin. Nace ai mai sauƙi ne, kilas ref, wato wakilin 'yan ajin, ya riga ya sa PDF a guruf ɗin WhatsApp. Sai ya buɗe laftof ɗinsa, wata tsohuwa ce da yayansa ya saya masa ta hannu, ya cire abin kunne don in ji. Yana amfani da wata manhaja da ake kira NVDA mai karanta duk abin da ke kan allon kwamfuta da murya, kyauta ce, yace wasu makafi biyu 'yan Ostireliya ne suka ƙirƙiro ta a 2006, don JAWS, manhaja irinta da ta riga ta fitowa, kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Muryar gudu take kamar an sa kaset a sauri, ni ko kalma ɗaya ba na kamawa shi kuwa yana bi daidai. Ya buɗe PDF ɗin nawa, shiru. Ya sauka shafi na biyu, shiru. Ashe abin da kilas ref ya yi hoto ya ɗauki fotokwafin fotokwafi da waya ya haɗa, mu a idonmu rubutu ne, a wajen manhajar kuwa hoto ne kawai ba harafi ko ɗaya a ciki. Asalin fayil ɗin kuma ya tafi tare da wata kwamfutata da ta lalace shekaru huɗu da suka wuce.

Haka na zauna na sake buga shafi sittin da biyu a Word, bayan isha'i kullum in buga uku ko huɗu in tura masa, washegari ya dawo min da gyara. Tebur ɗin da na haɗe gidajensa don ya yi kyau yace manhajar na karanto masa lambobi a jere kamar lambar waya, bai san wanne ne farashi wanne ne yawan kaya ba, dole na warware su na mayar da kowane tebur mai sauƙi da kanu a sama. Lissafin da na liƙa a matsayin hoto shi ma bai ji shi ba, sai na koma rubuta shi a layi ɗaya da haruffan kibod, inda akwai kasafi in sa baka biyu in raba sama da ƙasa. Kanun darasi da nake ƙara wa girma da kauri kawai yace in yi amfani da ainihin tsarin kanu na Word, ta haka zai iya tsallakawa daga babi zuwa babi da maɓalli ɗaya maimakon ya saurari shafi ashirin kafin ya iso inda yake nema. Duk wannan shi ya koya min, yaro ɗan shekara ashirin. Wani abin da ya tsaya min a rai kuma, inda na kawo misali da kasuwar Dawanau na rubuta gero da wake da ƙwarya da Hausa, muryar Turanci ce ke karantawa sai ta murɗe kalmomin har ba ka gane su, sai ya bi harafi harafi kafin ya san me na rubuta. Harshen da miliyoyin mutane ke yi, amma makahonmu da muryar wani yake jin rubutunsa.

Gyaran baki a aji ya fi buga handawut wuya. Dokar da na sa wa kaina ita ce duk abin da hannuna ya rubuta sai bakina ya faɗe shi, kuma ba nan ba can. Sai in ce layin tsaye na hagu shi ne farashi daga sifili zuwa naira ɗari, na kwance a ƙasa shi ne yawan buhu, layin dimand ya faro daga sama ta hagu yana gangarowa ƙasa ta dama. Makon farko in na manta sai in ji ya ɗan buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya daga layin gaba, haka muka shirya da shi, sai in koma in gyara. Lakcar ta rage gudu, abin da nake gamawa a awa ɗaya ya koma awa da kwata. Sai dai 'yan bayan tiyata da dama ba sa hango allon tun asali, su ne suka fara zuwa suna cewa Malam yanzu muna ganewa.

Amma giraf, wato zanen layukan nan, ba ya shiga kai da baki kaɗai. Wata Asabar na sayo kwali mai kauri da gam da zaren saƙa a kasuwa, ni da 'yata ta aji biyu a sakandare muka zauna a tabarma. Layin farashi da na yawan kaya muka yi da tsinken tsintsiya, dimand da zaren saƙa mai laushi, saflai da igiyar leda mai kaushi don yatsa ya bambanta su, inda suka haɗu muka liƙa maɓallin riga. Ranar Litinin na ajiye masa a kan tebur ban ce komai ba. Ya shafa gefen kwalin duka huɗu tukuna, ya sami kusurwar da tsinkayen suka haɗu, ya ɗora ɗan alinsa na hagu a nan bai ɗaga ba, na dama ya hau sama ya kama zaren ya biyo shi a hankali yana gangarowa har ya ci karo da maɓallin ya tsaya. Ya koma ya kamo igiyar daga ƙasa ya hauro ya sake faɗawa kan maɓallin. Ya yi shiru, can yace "Malam ashe gicciye suke yi. Tun SS1 na haddace cewa suna haɗuwa, amma na ɗauka gefe da gefe suke tafiya har su taɓa juna a ƙarshe." Shekara uku yana amsa tambayar a jarabawa yana ci, ba wanda ya taɓa sa masa siffar a hannu.

Daga baya shi ya kawo shawarar kada mu riƙa liƙe zaren, mu sa soso a ƙarƙashin kwalin mu kafe da fil, ta yadda zai iya ciro layin dimand gaba ɗaya ya matsar da shi dama in kuɗin shigar mutane ya ƙaru, ya ji da yatsansa maɓallin ya koma sama. Bambancin tafiya a kan layi da gusawar layin kansa, abin da ke kayar da rabin aji duk shekara, da fil huɗu ya kama shi. Daga nan kwalin nan har masu ido na riƙa ɗaga wa.

Ana cikin haka wata yarinya ta biyo ni ofis, tace ta ga abin da nake yi ne ya sa ta samu ƙarfin zuwa. Kunnenta ɗaya ba ya ji sam ɗayan kaɗan kaɗan, tun wata sanƙarau da ta yi tana ƙarama, leɓe take karantawa, ni kuma rabin lakca bayana nake ba wa aji ina magana da allo. Ta roƙe ni kar in faɗa wa kowa. To ga makaho na so in yi magana ina rubutu, ga ita tana so in juyo kafin in yi magana, dole na koma in rubuta, in juyo, sannan in karanta abin da na rubuta, na kuma sa kilas ref ya riƙa ajiye kujeru biyar a gaba ba tare da an ce na wane ne ba. Akwai kuma wani mai keken guragu, shan inna ce ta kama shi, irin yaran da aka haifa farkon shekarun 2000 lokacin da cutar ta yi ƙarfi a arewa, tutoriyal ɗinsu, wato darasin bita, a bene aka sa, abokansa ke ɗaukarsa cak shi da keken su hau da shi. Wannan musayar ɗaki kawai na yi da wani malami aka wuce wajen, minti biyar, abin da ya yi wata biyu yana jurewa.

Jarabawa ce ta nuna min inda gizo ke saƙar. Tes ɗin farko na yi masa shi da baki a ofis, daga baya na ga ban kyauta ba, don sauran sun samu damar yin tunani su goge su sake, shi kuwa yana gabana dole ya amsa nan take, kuma ba wata takarda da za a nuna in an yi ƙorafi. Don haka saura sati shida babbar jarabawa na je wajen jami'in jarabawa na sashenmu na tambaye shi wane fom ake cikewa. Yace shi bai san da wani fom ba, in rubuta wa shugaban sashe. Na rubuta, shugaban sashe ya sa hannu ya tura ofishin shugaban tsangaya, daga can aka ce ai maganar ta ofishin harkokin ɗalibai ce, can kuma suka ce su ɗakin kwana da walwala suka sani, jarabawa ba tasu ba ce. Sati biyu takardar na yawo, da na bi sawu aka neme ta aka rasa. Na sake bugawa, wannan karon kwafi huɗu, na ɗauka da ƙafata ofis ofis ina tsayawa sai an buga min hatimin karɓa, kuma na liƙa shafin dokar hana nuna wariya ga nakasassu ta 2018 wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wajen da ta ce makarantun gwamnati tun daga firamare har jami'a dole su zama masu karɓar kowa, su tanadi ma'aikacin da ya ƙware da kayan aikin da nakasassu ke buƙata. Dokar ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ba wanda ya yi min musu a kan ko ɗaya, kowa cewa yake Allah sarki ai ya kamata, matsalar dai ba wanda ya san teburin wa abin ya faɗa.

Hanya uku muka tattauna da aka zauna. Ta farko a buga masa tambayoyi da birel, to ba mu da injin, sai an fita da takardar jarabawa waje, jami'in jarabawa yace shi ba zai ɗauki wannan kasadar ba kuma na fahimce shi, sannan in ya amsa da birel wa zai karanta min. Na taɓa kallonsa yana rubutu da ɗan allonsa da tsinke, daga dama yake farawa zuwa hagu yana huda takardar ta baya, sai ya juya ta ya karanta daga hagu, abin sha'awa amma ni ɗigo kawai nake gani. Ta biyu a ba shi wanda zai karanta masa ya kuma rubuta masa, ya ƙi, yace a sakandare an taɓa haɗa shi da wanda yake faɗa masa abu yana rubuta wani, in ya ci a ce an taya shi, in ya faɗi bai san ko laifin wa ba ne. Ta uku laftof, ita muka tsaya a kai: ta sashe ba tasa ba, a goge komai a sa NVDA, a kashe intanet, tambayoyin su zo a filashi cikin ambulan da aka liƙe a buɗe a gaban mai sa ido, a ƙara masa minti ashirin kan kowace awa saboda sauraro ya fi kallo cin lokaci. Tambayar da aka ce a zana giraf kuma shi ya siffanta da kalmomi, me ke kan kowane layi, ina ya nufa, me ya gusa, ina sabon farashi ya tsaya, makin iri ɗaya.

A wajen zaman ne wani babba da nake girmamawa ya ja ni gefe yace, Malam duk wannan wahalar ta mece ce, ka ba shi C ɗinsa kawai, sadaka ce Allah zai ba ka lada. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, haka aka tarbiyyantar da mu, in ka ga makaho hannunka aljihu yake tafiya. Amma maganar ta dame ni kwana da kwanaki, don mahaifin yaron nan ƙoƙon bara ya ƙi karɓar masa tun yana shekara shida, sai kuma a zo jami'a a miƙa masa shi da sunan maki. Ban faɗa wa yaron ba. Shi da kansa ana saura kwana biyu yace min, Malam alfarma ɗaya nake nema, in na faɗi ka kayar da ni.

Ranar jarabawa a wani ƙaramin ofis muka sa shi, shi da mai sa ido ɗaya, ni ina waje don ƙa'ida ba ta yarda in zauna ba. Minti arba'in da farawa aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin sashe kuma ba ya riƙe caji, abin da ban gwada ba kenan duk shirin da na yi. Mai sa idon ya leƙo yace saura kashi goma sha biyar. Na ruga shagon masu fotokwafi da ke bayan tsangaya na roƙi mai shagon, ya jawo mana waya daga janaretansa ta taga, Allah ya saka masa da alheri ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. An tsayar da agogo minti goma sha biyu aka rubuta a rahoto. Da ya gama aka buga amsoshin a firinta a gabansa, mai sa ido ya karanta masa lambar rijistarsa da adadin shafuka, ya dangwala yatsa a kowane shafi, aka liƙa a cikin littafin amsa irin na kowa aka jefa cikin sauran.

Da na zo maki na ba wani abokin aikina takardar tasa ya duba da makin sikim ɗina, wato tsarin ba da maki, ba tare da na fara dubawa ba, don na san zuciyata ta riga ta karkata. Ya samu 64, B kenan. Tambayar ilastisiti, wato yadda saye ke sauyawa in farashi ya sauya, ya yi kuskuren alama a lissafi ya rasa maki shida, aka cire masa. Bayanin giraf ɗinsa kuwa abokin nawa ya karanto min shi da ƙarfi a ofis, yace a cikin takardu ɗari huɗu ba wanda ya faɗi dalilin gusawar layin a fili kamar shi. Da sakamako ya fito ya zo ya tambaye ni ina shidan nan suka tafi, na nuna masa, yace haka ne, alamar ragi ya manta.

Yanzu yana lebul tu, ba na koyar da su. Wannan zangon suna da lissafin tattalin arziki da kuma istatistiks, duk alamomi ne da tebur da zane, na kwashe kwalayena goma sha ɗaya da fil da sauran zaren na kai wa malamar da ke ɗaukar su, muka zauna awa guda na nuna mata yadda ake warware tebur a Word, ta karɓa hannu biyu har ta fara yin nata. Amincewar da aka ba mu ta jarabawa kuwa ashe ta kwas ɗaya ce a zango ɗaya, don haka kowane malami sai ya sake rubuta tasa takardar daga farko. Na rubuta wata daban ina roƙon a mayar da tsarin na dindindin har ya gama, a kuma riƙa sanar da malamai tun ranar rijista in akwai mai irin wannan buƙata a ajinsu. Ranar Talata na kai ta an buga min hatimin karɓa, jarabawa saura sati biyar, batirin laftof ɗin kuma mun haɗa kuɗi mu uku a sashe mun canza shi.